Kunnen Tayar-in-ji

Duk wanda motarsa ta taɓa ƙin tashi a unguwar nan ya san Tayar-in-ji. Ba ya tambayarka me ya faru, don a cewarsa masu mota ba su iya ba da labari ba, ko dai su ƙara gishiri ko su ɓoye laifinsu. Sai dai ya goge hannu da tsumma, ya karkata kai gefe guda, ya ce, "Tayar in ji." Tun yana saurayi yake faɗin haka, har maganar ta cinye sunansa na gaskiya.

Garejin nasa rumfar kwano ce a ƙarshen layi, tsakanin shagon mai walda da na mai gyaran janareta. Ƙasan wurin ya sha baƙin mai har ya yi tauri kamar kwalta. Akwai ramin da ake shiga a duba ƙarƙashin mota, da durom ɗin ruwa, da wata tsohuwar kujerar mota da aka ciro aka jingine a bakin ƙofa. A nan ƙuruciyarsa ta ƙare, a nan furfura ta same shi.

Kunne ne jarinsa. In aka murɗa makulli ya ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, batir ne ya yi sanyi. In ƙas ɗaya ce tak sai shiru, kik ne, mai fara juya injin, ya maƙale. In injin yana juyawa da ƙyar kamar mai ciwon baya zai miƙe, sanyi ne ya daskarar da baƙin mai. In kuwa yana juyawa lafiya lau amma ya ƙi kamawa, to ɗayan biyu ne, ko wuta ba ta zuwa ko mai bai iso ba. Nan sai ya zagaya baya wajen tanki, ya ce a murɗa makulli rabi. Famfon mai yana da wani ɗan kuka da yake yi, zuuu, siriri kamar na sauro, kafin ka ce me ya ɗauke. In ya ji kukan, mai yana zuwa. In bai ji ba, an kama ɓarawon. Lokacin sanyi shi ne kakarsa, tun da sassafe ake zuwa a ɗauke shi daga gida, wani ma da takalmin wanka yake zuwa saboda gaggawa.

Matarsa ta sha waɗannan koke-koken har ta ƙoshi. Kullum da yamma yana cin abinci yana kwaikwaya mata motocin ranar, da baki, da kumatu, har da buga cokali a jikin kwano. Takan ce, "Malam, don Allah ka ci abincinka, ka raba mu da kukan ƙarfe." Ina! Sai ya ƙara mata da wata. 'Yarsu ɗaya ce, ta yi aure a wani gari mai nisa, suka rage su biyu a ɗakunan haya na ƙasa, wani tela yana zaune a samansu. Ita matar tun tana yarinya take fama da asma. Sanyi da hayaƙi su ne abokan gabarta, abin shaƙarta kuwa ba ya barin aljihunta.

Kurumta ba rana ɗaya ta zo masa ba. Mai walda yana yankan ƙarfe a damansa, janareta suna ruri a hagunsa, shekara da shekaru. Ƙananan sautuka ne suka fara gudu, kukan famfon nan shi ne na farko. Sai ya koma cewa mutanen yanzu ba sa buɗe baki in za su yi magana. Matar ce ta fara ganewa, ranar da butar shayi ta yi ta fito a bayansa har ruwan ya ƙone, shi ko waiwaye bai yi ba. Ta zo ta zauna a gabansa, ta ce, "Malam, kunnenka fa."

Kai, ranar gidan nan ya ga tashin hankali. "Kunnen nawa da yake ciyar da ke?" in ji shi. Ta ce a je asibiti, ya ce ba inda za shi. Ta ce akwai ɗan abin da ake maƙalawa a kunne, ya ce sai dai a maƙala wa gawarsa. Wa zai kawo mota wurin kurma? A ga Tayar-in-ji da waya a kunne, ai an gama da shi ke nan. Taurin kai dai irin na wanda duk rayuwarsa abu ɗaya aka taɓa yaba masa.

Ba a daɗe ba ya ce wa wata malamar makaranta batirinta ne, ta sayo sabo, mota ta ƙi tashi, ashe kik ne. Malamar ba ta yi faɗa ba, kallonsa kawai ta yi, kallon kuwa ya fi zagi ciwo. Ya dawo gida bai taɓa abinci ba, ya zauna yana kallon bango. Washegari da zai fita sai ya ga matar ta ɗauko jakar saƙarta ta biyo shi.

"Ina za ki?"

"Zaman gida ya ishe ni," in ji ta. "Muje."

Ta zauna a kan kujerar nan ta bakin ƙofa, ta fito da zare da sandunan saƙa. Motar farko da aka turo, ya ce, "Tayar in ji," ya karkata kai. Da ya saci kallonta sai ya ga tana haɗa sandunan nan biyu da sauri, ƙas-ƙas-ƙas, idonta yana kan zare kamar ba ruwanta. Ya ce, "Batir ne." Batir ɗin ne kuwa.

Haka aikin ya koma. In ta buga sandunan sau ɗaya ta tsaya, kik ne. In ta naɗe zare a yatsa a hankali, injin yana jan ƙafa. In kuma magana ta zo kan famfo, sai ta miƙe kamar za ta karkaɗe zani, ta zagaya bayan motar. Ta taɓa ɗan kunnenta, famfo ya yi kuka. Ta harɗe hannu a ƙirji, shiru ne. Ba su taɓa zama sun tsara wannan ba, ba su kuma taɓa zancensa a gida ba. 'Yan layi suka sa mata Sufeto, wai ta zo gadin miji, shi ma ya kama kiranta haka. Hayaƙin salansa yana shigar mata ƙirji, ta yi tari har hawaye su zubo, ta juya baya ta shaƙi magani, ta dawo kan saƙarta. Yana gani. Wallahi yana gani, amma bai taɓa cewa ta koma gida ba, kuma wannan kaɗai ya isa a ji haushinsa.

Cikin shekarun nan ya lura mutane sun ƙara masa ladabi. Mai magana da shi sai ya zagayo gabansa, ya dafa kafaɗarsa, ya yi maganar dalla-dalla yana kallonsa ido cikin ido, shi kuma ya tsinci zancen a leɓe. Yakan ce wa Sufeto, "Kin gani? Girma ya zo. Yanzu ko mai walda ba ya yi mini magana ta ƙeya." Ita dai murmushi take yi, ta ci gaba da ƙulla zarenta.

Sai aka shiga wani sanyi da tsofaffi suka ce sun manta rabonsu da irinsa. Ruwan durom yana kwana ya yi ɓawon ƙanƙara a sama, mutum in ya yi magana tururi ke fita daga bakinsa. Wata safiya, gari ya fara haske, Tayar-in-ji ya farka da zafin farce a damtsensa. Sufeto ce zaune a kan gado, ta dafa gwiwoyi, kafaɗunta suna hawa da sauka, leɓenta ya yi fari fat. Abin shaƙar yana ƙasa, ta matsa ta matsa bai yi mata komai ba. Tun yaushe take wannan kokawa a gefensa, Allah kaɗai ya sani. Shi dai barcinsa ya sha, ko motsi bai ji ba.

Ya naɗe ta a bargo ya sungume ta. A bakin ƙofa suka yi karo da tela, ya dawo daga sayen burodi. Tela ya yar da ledar ya buɗe musu bayan mota, suka kwantar da ita a kujerar baya. Tela ya buga wa motar asibiti, aka ce duk sun fita, sai an jira. A layin nan kaf mota ɗaya ce, ita ce ta Tayar-in-ji, tsohuwa ce kuma irin ta bakanike, wadda kullum ake cewa gobe za a duba ta.

Ya shiga ya murɗa makulli. Ya ji sitiyari yana rawa a hannunsa, injin yana juyawa ke nan, fitilun gaban direba ma ba su dusashe ba. Amma bai kama ba. Ya sake, ya sake, ya danna totur. Shiru. To ko wuta ko mai, kuma abin da zai raba gardama kukan sauron nan ne. Ya waiwaya ya dubi Sufeto, yadda ya saba dubanta kullum. Tana kwance daidai saman tankin, babu wanda ya fi ta kusa da famfon a duniya. Amma idonta a rufe yake, duk ƙarfinta ya tafi wajen jawo numfashi. Ya kira ta, bai ma san ko da ƙarfi ya kira ko a hankali ba. Hannunta bai ɗaga ba.

Ga tela nan tsaye a jikin ƙofa, da kunnuwansa biyu lafiyayyu garau. Magana ɗaya ce ta rage, ya ce masa, zo ka saurara mini. Tayar-in-ji ya dube shi, ya buɗe baki, ya karkata kai gefe guda kamar yadda ya saba, sannan ya ce, "Wuta ce. Raɓa ta shiga fulogi."

Wayyo, wannan bawan Allah! Ba wai ƙarya ya shirya ba. Bara da aka yi sanyi raɓa ce ta hana motar tashi, sai ya kama wannan ya riƙe, ya ce wa kansa bana ma ita ce. Amma can ƙasan ransa ya san zato yake yi, kuma ya san dalilin da ya sa ya zaɓi zato.

Tela ya tsaya jim kamar zai yi magana, sai kuma ya ce bari ya ruga babban titi ko zai sami tasi. Tayar-in-ji ya ɗaga bonet. Yatsunsa sun sandare, ƙarfe yana cizo kamar wuta. Ya cire wayoyi, ya goge, ya hura. Ya ɗauko sifanar fulogi, ta suɓuce ta faɗa can cikin injin, ya zura hannu yana lalube har fatar bayan hannunsa ta saɓule. Ya samo ta, ya kama kwancewa, fulogin ya yi tsatsa ya ƙi motsi, sai da ya hau da dukkan nauyinsa. Ta ƙarƙashin bonet yana hango bargon nan ta gilashi, yana ɗagawa yana sauka. Da fulogin ya fito ya kai shi ido. A bushe yake ƙamas. Duk murɗa makullin da ya yi, ko ɗigon mai bai iso wurin ba. Ba wuta ba ce. Rana kuwa har ta taɓa saman katangar maƙwabta.

Ya mayar da fulogin, ya murɗa makulli, ya ruga baya ya kwanta a ƙasa ya dafa tanki ko zai ji motsi a tafinsa. Hannun da sanyi ya kashe me zai ji? In famfon yana aiki, to hanya ce ta toshe, aiki ne babba. In ba ya aiki, wataƙila wuta ce ba ta kai masa, aikin ɗan lokaci ne. Yana nan kwance tela ya dawo yana haki, babu tasi, titi wayam.

Ya miƙe ya kama rigar tela. "Tela," ya ce, "ba na ji. Na daɗe ba na ji. Sa kunnenka nan wajen tanki, in na murɗa ka gaya mini ko ka ji wani ɗan zuuu."

Tela ko mamaki bai nuna ba, nan take ya durƙusa a ƙasa ya manna kunne. Tayar-in-ji ya murɗa rabi ya leƙo. Tela ya girgiza kai. Ya sake, tela ya sake girgizawa. Ya koma gaba ya ɓalle murfin akwatin fiyus. Fiyus ɗin famfo lafiya yake. Kusa da shi akwai rile, ɗan baƙin abu kamar kwalin ashana, shi ke ba famfo wuta, sanyi kuwa yakan kama masa ciki. Na hon irinsa ne sak. Ya zare na hon ya cusa a gurbin na famfo, ya murɗa. Tela ya ɗago da sauri yana gyaɗa kai. Ya ƙarasa murɗawa, mota ta girgiza ta ɗauka, farin hayaƙi ya turnuƙe layin. Duk gyaran bai kai ɗaurin igiyar takalmi ba.

Tela ya shiga baya ya ɗora kanta a cinyarsa, Tayar-in-ji ya figi mota. A wata kwana suka tarar da motar kaya ta tare hanya ana sauke buhuna. Ya danna hon, ya danna, ya koma dukan sitiyari da hannu biyu, yana mamakin taurin kan mutanen nan da ko waiwayowa ba su yi ba. Ya manta shi da kansa ya cire wa hon rile. Sai da tela ya zuro kai ta taga yana ihu suka matsa. Daga nan ya riƙa duban madubi. Yana ganin bakin tela yana motsi, addu'a yake yi mata a kunne. Suna dab da ƙofar asibiti ya sake dubawa, ya ga bakin ya daina motsi, tela ya sunkuyar da kai.

Aka ɗauke ta a gadon turawa aka shige da ita. Ba a jima ba likita ta fito, hancinta da bakinta a rufe da ƙyalle, tana magana. Bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Tela ya juyo da shi, ya dafa kafaɗarsa, ya faɗa masa dalla-dalla cewa Sufeto ta rasu. Tayar-in-ji ya tambayi likitar, "Da mun zo da wuri fa?" Ta dube shi, ta ɗan buɗe hannu. Ko me ta ce a bayan ƙyallen nan, bai gani ba.

'Yarsu ta zo, aka yi abin da ake yi, masu gaisuwa suka watse. Ta roƙe shi ya bi ta ya zauna wurinta, ya ce tukuna. Bayan ta tafi ya hau sama wurin tela, ya same shi a kan keken ɗinki. Tela ya tsayar da keken ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya. Tayar-in-ji ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce, "Maganar nan da na faɗa maka ranar, ta tsaya tsakaninmu."

Tela ya dube shi, idonsa ya cika. "Baba," ya ce a hankali, yana buɗe baki sosai, "ai kowa ya sani. Mai walda ya sani, mai janareta ya sani, har malamar nan da ta sayi batir. Sufeto ce ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, ta roƙe mu don Allah mu riƙa zagayowa gabanka in za mu yi magana, kada kuma wanda ya nuna maka ya gane. Ta ce in ka san an sani, ba za ka ƙara fita ba." Ya share ido da guntun yadi. "Ranar nan jira nake ka ce in saurara. Na sha ganinta tana zagayawa bayan mota, na san akwai abin da take ji a can. Maganar ta zo mini har baki, na tuna alkawarin da na yi mata, na haɗiye. Ka yafe mini, Baba."

Tela ya miƙe ya dafa shi. Tayar-in-ji ya tsaya yana kallon hannun tela a kafaɗarsa, irin dafawar da ya daɗe yana kira girma. Ashe asirin da ya tsaya gadi a kansa matarsa tana shure-shure, babu ko yaron da bai san shi ba a layin. Ya sauka matakalar yana bin bango.

Bai sake buɗe garejin ba. Kujerar nan tana bakin ƙofa, da guntun jan zare maƙale a ƙarfenta, ruwa ya doke ta rana ta busar. Masu mota in sanyi ya kama su sukan wuce gaba, wurin wani da ke da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Shi kuwa da sassafe, duk ranar da aka tashi da sanyi, yakan fito da bargon nan a kafaɗa, ya shiga bayan motarsa, ya kwanta ya manna kunne a kujera daidai saman tanki, ya miƙa hannu ta tsakanin kujerun gaba ya murɗa makulli rabi. Ya kashe, ya sake murɗawa. Mai wucewa ta kusa yana jin famfon yana kuka lafiya lau. Har yau motar ba ta da hon, kuma ba ta ƙara ƙin tashi ba.